Motar Suruki

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Mai unguwa ya aiko. Mutanen daji sun yarda mu kwashe amfanin gona zuwa ƙarshen wata, daga nan abin da ya rage nasu ne. Haka aka faɗa, kuma haka muka ce mun gode. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koya wa yara cewa kayan wani haramun ne.

Dawa ta yi kyau bana a ƙauyenmu Unguwar Maje, abin haushi. Masara tana rumbu tun watan jiya. Idan ta fito, bakin mutum goma sha ɗaya da ke cikin ɗakuna biyun da muke haya a nan Faskari sun tsira har kaka mai zuwa. Idan ba ta fito ba, ban san me zan rubuta ba.

Shanun huɗata biyu sun tafi tun bara, amalanke kaɗai aka bar mini. Masu motar haya sun ce ko nawa zan bayar ba su wuce Daudawa. Saura in sayi tawa da abin da aka sallame ni da shi daga aiki, mai iya shiga yashi, in ɗaura mata amalanken. Baba yana can shi kaɗai da tsofaffi biyu. Ya rantse ba ya fitowa ya bar rumbunsa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kankara, garejin Ɗanlahadi. Tare muka yi firamare, shi ya bi ƙarfe ni na bi alli, kuma har yau gani yake shi ya fi ni ilimi. A kan mota dai na yarda.

Ya lissafa mini a yatsu masu baƙin mai. Mai giyar hannu, ba mai canja kanta ba. Mai shan gas, don ita ce ke da ƙarfin ja. Shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, lafiyayye, musamman ta baya inda za a yi waldar ƙugiya. Birki mai kamawa, don amalanke da kaya turo mota yake yi a gangara. Sai babba: ƙafafu huɗu duka su ja, ba biyun baya kaɗai ba. Ya ce fenti da kujera da rediyo duk na 'yan birni ne, in bar su.

"Ticha, mota ta ƙasa aka sayen ta. In ban shiga ƙarƙashinta ba kak ka ce ka saya."

Na ce na sayi shanu sun fi ashirin a rayuwata ba a taɓa cutata ba. Ya ce sa ai haƙoransa a waje suke.

Ya kai ni na ga wata farar a-kori-kura mai gida biyu. Wallahi ta shiga raina. Shi ma ya ce injinta garau ne, amma ba zai bari in saya ba. Irin ta jami'an tsaro ke hawa, daga nesa za a buɗe mata wuta kafin a tambayi wane ne a ciki. Yanzu kyan mota ma laifi ne a ƙasar nan.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Tuwo sau ɗaya yau. Matata Khadijatu ta ce ba ta jin yunwa, na yi kamar na yarda.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mota ta biyu, jif, nan Faskari, ta wani ɗan kasuwar hatsi. Baƙa, tana sheƙi, an wanke ta har taya. Mai ita yana ta zuba cewa ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ɗanlahadi ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Ina tsaye ina jin kunya a madadinsa, ga mutum da furfura ana bincikar kayansa a gabansa kamar wanda aka kama da sata.

Ya kira ni in leƙa. Ya ɗora sukundireba a ƙarfen baya ya danna da hannu ɗaya, sai ga shi ya ɓulla ta ɗaya gefen. Tsatsa ce aka shafe da baƙin fenti. Ya ce ranar da amalanke ya ja da kaya, bayan motar zai tsaya a daji gaban ya iso gida.

Mai motar ya yi fushi. Ni na yi ta ba shi haƙuri. A hanya na ce wa Ɗanlahadi da ya faɗa mini a gefe. Ya ce shi bakanike ne, ba maroƙi ba.

Kwana biyar sun tafi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yahya mai walda ya gama da amalanken. Ya cire doguwar sandar da ake ɗaura wa karkiya, ya sa ƙarfe mai zobe a baki, ya ƙara masa tsawon gefe. Tayoyin tsohuwar mota ne dama. Ya ce yanzu sunansa tirela. Ni dai amalanken Baba nake gani, har da gurbin da ƙahon jan san nan ya ci a katakon gaba.

Yusufu ƙanena ya dawo daga ƙauye a babur. An gama yanka, an ɗaure dammuna. Baba ya ce a gaya wa Malam (ni ke nan, bai taɓa kiran sunana ba) dawa ba ta jiran shawara. Ya kuma ce wai an yi masa maganar aron gona a gari, ya ce shi bai yi lalacewar noma ƙasar wani ba. A nan kam ni da shi bakinmu ɗaya. Gonar aro ta ɗan ci-rani ce, mu muna da tamu.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Biyu kuma na gani a Funtuwa. Ɗaya mai canja giya da kanta, ɗaya tana tafasa ruwa tun ba a bar tasha ba. Na dawo da ciwon kai.

Khadijatu ce ta kawo magana bayan la'asar, tana tsince wake ba ta dube ni ba. Kawunta na Sabuwa yana da tsohuwar jif ajiye, tun da ya daina zuwa gonarsa ta nesa. Ta yi masa waya. Ya ce in zo in ɗauka a yadda ya sawwaƙa, ai duk gida ne.

Alhaji Jabiru. A takarda kaɗai nake iya ambaton sunansa. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya ba ni aurenta. Shekara ashirin da shida ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na gaya wa Ɗanlahadi a waya, ya ce gobe da sassafe zai same ni mu tafi tare. Khadijatu tana ji. Da na ajiye ta ce, "Malam, bakanike za ka kai ma Kawu cikin gida? Shi kwanta ƙarƙashin motar yana ƙwanƙwasa, Kawu na tsaye?"

Na riga na hango abin. Ni a tsugune, hula a hannu, Ɗanlahadi yana huda ƙarfe da sukundireba a gaban mutumin da ya ba ni mata. Da wane ido zan sake shiga Sabuwa?

Na sake kiransa na ce an ɗaga tafiyar. Ƙarya na yi, ranar Juma'a.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na sayo.

Ruwan ƙasa ce, fentin ya koɗe, ba wanda zai dube ta sau biyu, kuma haka nake so. Mai shan gas, giyar hannu. Tana cikin wani ɗaki mai ƙofar langa-langa, an tokare ƙofar da wani dogon ƙarfe don iska tana rufe ta, har na yi tuntuɓe da shi wajen shiga. Alhaji ya yi dariya ya ce ƙarfen nan ya fi maigadinsa aiki.

An sa mata batir ta tashi a bugu na biyu. Alhaji ya nuna mini ƙaramar giya kusa da babbar, ya ce ita ce ta ƙafa huɗu, da ita yake haye rafi da taki. Ya ce in duba ko'ina, in ma ina da makaniki in kawo. Na ce haba Alhaji, ai maganarku ta isa. Na zagaya ta sau ɗaya ina shafa jikinta. Na tsuguna kamar zan gyara takalmi, na saci kallon shasin baya, ba tsatsa. Iyakar bincikena ke nan.

Ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka. Aka yi fatiha. Ya sa aka cika mata mai daga aljihunsa.

Ta kawo ni Faskari ba ko tari. Khadijatu ta fito har waje tana taɓa ƙofar. Rabon da in ga haƙoranta tun sallar layya.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ɗanlahadi ya ji labari. Da ya taso daga coci ya kira. Bai yi maganar ƙaryar ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce in kawo ta Kankara gobe, rabin awa ya ishe shi.

Na ce sai na gani. Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba: in ya samo aibu, me zan yi? In mayar wa surukina mota bayan fatiha? Gara kada in sani.

Talata, 19 ga Nuwamba

Yahya ya yi waldar ƙugiya. Mun ɗaura tirela, kusa ɗaya ce mai kauri ke riƙe su. Na ja ta fanko har bayan gari na dawo. Na tura ƙaramar giyar, ta shiga da ƙara mai daɗi, har wata 'yar fitila ta kama a gabana. To me kuma ake nema?

Ja da baya ne ya gagare ni. In na karya dama tirela ta yi hagu. Masu shayi sun samu abin kallo.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An rage wa'adi. Ba ƙarshen wata ba kuma, Lahadin nan ce, faɗuwar rana. Ba a faɗi dalili ba, ba kuma wanda zai tambaya. Zuwa Kankara ya fita daga lissafi, kuma Allah ya sani na ji sauƙi da ya fita.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Igiya, shebur biyu, jarkar ruwa, tayar safaya. Ni da Yusufu. Sawu ɗaya za mu samu.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Mun dawo. Baba yana nan. Ba zan iya ba yau.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Bari in rubuta ko kaina zai sake ni.

Mun tashi bayan asuba. Daga Daudawa muka bar hanya muka shiga burtali. Rafin da ke gaban ƙauyenmu ya janye, sai yashi mai faɗi da ɗan ruwa a tsakiya. Na tura ƙaramar giya na shiga da gudu, muka haye fanko kamar wasa. Yusufu har ya buga mata kafaɗa.

Ƙauyen ba na son rubuta shi. Ƙofofi a buɗe, ciyawa a masallaci.

Baba ya rame, amma bakinsa na nan. Ya zagaya motar da sandarsa ya ce wannan ce ta maye jajayen shanun? Muka yi lodi mu uku, tsofaffin mata biyu suna miƙo abin da suka iya. Buhunan masara a ƙasa, dammunan dawa a sama har suka fi motar tsawo. Yusufu ya ce mu rage. Na ce wa za mu rage wa? Cikin motar kuma Baba, Inna Talatu da ƙanwarta, tukwane, tabarmi, buhu biyu. Sai bayan azahar muka ɗaure igiya ta ƙarshe.

Ta ja. A kan ƙasa mai tauri ta ja, tana nishi amma tana tafiya. Baba bai waiwayi gidan ba, ni na waiwaya a madubi.

A rafin ne. Mun ci rabin yashin sai na ji ta yi nauyi, sai ta tsaya. Na ba ta wuta. Fitilar nan tana kunne, giya tana inda ya kamata. Yusufu ya sauka ya duba, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce na baya ne kaɗai ke juyawa suna haƙa rami, na gaba ko motsi. Na ce ƙarya ne. Na ba shi sitiyari na sauka na gani da idona. Tayoyin gaba suna tsaye tsaf, busassu, kamar ba da su ake ba.

Mun haƙa. Mun sa itace, mun sa duwatsu, mun sa tabarmin Inna Talatu. Mun sassauta iskar taya. Mun sauke dammuna sun fi goma, muka gwada, ta ƙara nutsewa. Tirela ta zauna har gindinta a yashi. Kuloci ya fara ƙauri. Na yi la'asar a tsaye a cikin rafi, ban san me na karanta ba.

Ba mu ji zuwansu ba sai da muka gan su. Babur biyu a bakin gaɓa, mutum huɗu, bindigogi a cinya. Ɗaya yana shan rake yana tofarwa. Sun zauna suna kallonmu muna haƙa, suna kallon rana. Da ta yi ja ta sauko kan itatuwa, mai raken ya ɗaga murya, ba da faɗa ba ma. Ya ce, "Baba, rana ta kusa. Ku dai ku wuce."

Na ci gaba da haƙa. Ina jin Yusufu yana kirana ban tsaya ba. Sai na ji ƙarar dutse a kan ƙarfe. Baba ne ya sauko, ya zagaya baya, yana bugun kusar ƙugiya daga ƙasa. Na ce Baba, abincin shekara ne. Bai dube ni ba.

"Na binne ɗiya ukku. Ba ni binne na huɗu don dawa. Kama mani."

Na kama masa. Ni na zare ta.

Ba tirela, da turi da tabarmi, motar ta fita a gwaji na biyu. Muka bar amalanken a tsakiyar rafi da kayansa, dammunan da muka sauke a zube kewaye da shi. Har Daudawa Inna Talatu tana ta salati a hankali.

Buhu biyu. Su muka kawo.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Ɗanlahadi ya zo da kansa, ban kira shi ba. Ya gaida Baba a tsugune, ya yi mana jaje, sannan ya nemi kwali. Bai yi minti ɗaya a ƙasa ba ya fito.

Ya ce farfelar gaba babu. Ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin gaba, an kwance shi ɗungum. Direbobi kan cire shi wai don mota ta rage shan mai a kan kwalta. Giya za ta shiga, fitila za ta kama, amma ba abin da ke haɗe. Ya ce ko makaho ya shafa zai ji gurbin.

Na tambaye shi yaya ƙarfen yake. Ya buɗe hannuwansa, kamar kamu biyu, da gaɓa a kowane kai.

Na san shi. Na yi tuntuɓe da shi.

Na jira ya ce ai ya faɗa mini. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa. Sai ya naɗe kwalinsa ya ce Allah shi maida alheri.

Lahadi, 1 ga Disamba

Alhaji ya aiko da ƙarfen a motar haya, da buhun masara, da saƙo ta bakin Khadijatu. Ya yi rantsuwa bai sani ba. Tsohon direbansa ne ya cire shekara uku da suka wuce, shi ya ɗauka wani tarkace ne. Ta ce kuka yake yi a waya. Ta ce ya ce, don me Malam bai kawo makaniki ba, ai sai da na ce mashi shi kawo.

Ya faɗa kuwa. Ina tsugune ya faɗa.

Khadijatu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce laifinta ne. Na ce ba ita ta yi tuntuɓe ba. Ina jin haushinta, ina jin haushinsa, kuma na san duk na aro ne, nawa ne na gaske.

Na ce ba zan ci masarar ba. Da aka yi tuwo na ci.

Alhamis, 5 ga Disamba

Wani mai babur ya gaya wa Yusufu an ga amalanken a hanyar daji, shanu biyu suna jan sa. Ban tambayi launinsu ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Ɗanlahadi ya mayar da farfela, kusoshi takwas, bai kai rabin awa ba. Ya kai ni yashin bayan gari ya ce in gwada. Ƙafa huɗu suna ja, ta haye kamar a kan kwalta. Na kashe ta na zauna riƙe da sitiyari.

Na fara ɗaukar kayan 'yan kasuwa zuwa Funtuwa. Hatsin wasu.

Baba ba ya fita. Jiya na ga ya rataye wani abu a ƙusar bango, can sama inda kaji ba su kaiwa. Zangarniyar dawa biyar, manya. A cikin rigarsa ya fito da su, ban san lokacin da ya zaɓa ba. Bai yi bayani ba, ban nema ba.

Talata, 10 ga Disamba

Sabuwa. Na kai kaya ne, ba don komai ba, kuma ba a shiga gari a ƙi gaida suruki.

Alhaji ya ce yana da wata gona a bakin gari, ana hango ta daga masallacin Idi, in ina so in noma baɗi. Na ce sai na gani. Ya ce ai mai kyau ce, ya san ta. Na ce duk da haka, Alhaji.

Muka je a motar. Akwai shebur a baya tun ranar nan. Na sauko da shi na haƙa a gabansa, wuri uku, har gwiwa. Na murza ƙasar a hannu, na shinshina. Na tambaye shi ko ruwa na kwanciya a gefen gabas, da wa ya noma ta bara, da me ya sa ya bari. Na dube shi a ido ina tambaya. Ya amsa duka. Gefen gabas ɗin yana riƙe ruwa, da ban tambaya ba da ba a faɗa ba.

Da Khadijatu ta ji labari ta ce wai har da shebur, Malam? Na ce har da shi.

Ban ce na karɓa ba. Gonar aro ce, mu muna da tamu. Ƙasar dai ja ce, irin wadda dawa ke so, kuma na taka ta tsawo da faɗi don in san iyakarta kawai.

Da na dawo Baba ya ga ƙasa a farcena. Ya kama hannuna ya juya shi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko akwai rafi a hanyar.

Na ce babu.